Masu Ɗori a Fatar Albasa

A Aliero aka yanke cibiyata,
garin albasa, garin ɗori,
inda ake kawo karyayyu a bayan akori-kura.
Kakana Nomau ya tare su a zaure,
ya laluba ƙafa da ɗan yatsa, ya ce a riƙe,
ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara,
sannan ya wanke hannu ya nemi goro.

Ni wani zauren na gada:
farin benci, fanka guda mai kuka,
da fatar albasa da ta fi yanar gizo sirantaka.
In shimfiɗa ta kan gilashi, in leƙa madubi,
ga ɗakuna nan jere kamar fangalin lambu,
kowace ƙwayar halitta da katangarta.

Masaƙan da ke ciki ido ba ya cim musu,
sai dai a bi sawu.
Saƙo kan fito daga ƙuryar ɗaki a rubuce,
su karanta shi baƙi uku-uku,
su zura ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi
har zare ya cika, ya naɗe kansa.
Furotin ke nan.
In ya naɗu a karkace ba shi da ranar kowa,
kamar ƙafar da ta warke ba a kan hanya ba.

Sai na gana musu azaba da gangan:
ruwan zafi, digiri arba'in da biyu,
irin wanda bazara ke saukewa a gadon bayan mai ban-ruwa.
Ina so in ji, ranar da wuya ta yi wuya,
wa ke gudu, wa ke tsayawa.

Sau biyu wuta ta ɗauke, firji ya yi gumi,
aikin wata shida ya koma ruwa.
Hakilu ya hau babur neman ƙanƙara a tasha,
ya dawo da rabi, rabi ya bi wandonsa.
Na yi kuka a bayan tankin ruwa,
na share, na ɓare wata albasar.

A karo na uku, daf da la'asar,
layuka shuɗɗa suka fito a faranti.
Da yawansu sun dusashe:
masaƙa sun ajiye aikin yau da kullum,
don ba a ɗinkin sallah rufi na cin wuta.
Amma can sama wani layi ya yi kauri,
wanda jiya da ƙyar ake ganin inuwarsa.
Su ne.
Waɗanda ake kira sai an karye.
Su rungumi zaren da zafi ya warware,
su riƙe, su ja, su daidaita,
su sake shi ya koma bakin aiki
ba tare da ya san sunansu ba.

Da dare na kai wa Nomau hoton.
Idonsa ya yi hazo, ya shafa takardar da yatsa
kamar mai neman inda ƙashi ya goce.
"Ige, mi kika gani ciki?"
Na ce abokan sana'arka, Baba,
sun cika albasar da muke yankawa a miya.

Ya daɗe yana tauna goro.
"Wanda ba shi ɗoruwa fa?"
Na ce a kwance shi ɗaya-ɗaya,
a zura sabo da tsoffin 'ya'yan.
"Hm. Sun hi ni sa'a.
Akwai wani yaro daga Jega, shekara talatin ke nan,
da na ce a wuce da shi Birnin Kebbi."

Bai ƙarasa ba.
A tsakar gida Inna na yankan albasa,
mu duka biyu muka ɗora wa albasar laifi.